Sir Geoffrey de Havilland: Maƙerin Jiragen Sama Da Ya Rasa 'Ya'ya Biyu A Sararin Samaniya

Jiragen sama na farko da suka sauka a birnin Kano guda uku ne, na Sojan Sama na Ingila, waɗanda suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka iso ran 1 ga watan Nuwamba na shekarar 1925 a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jiragen nan samfurin DH.9A ne, haruffan nan biyu kuwa, watau D da H, suna tsaye ne a madadin sunan wani Baturen Ingila, Geoffrey de Havilland. Bayan shekara goma sha ɗaya, cikin 1936, da kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar ɗaukar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, jirgin DH.86 ya sa. Haka kuma lokacin da kamfanin West African Airways Corporation ya soma zirga-zirga a cikin Nijeriya a 1947, da ƙaramin jirgin nan mai suna Dove ya fara, shi ma ƙirar ma'aikatar de Havilland.

Ashe ke nan sunan mutumin nan ya daɗe a ƙasar Hausa, ko da yake kaɗan ne suka san tarihinsa. Tarihin kuwa ya cancanci a sani, domin wasu daga cikin ƙa'idodin da ke tsare ran fasinja a yau, game da ƙwarin jikin jirgi da iyakar gudun da zai iya jurewa, an koye su ne daga haɗurran da suka sami jiragensa, har da wanda ya ci ran ɗansa na fari.

Tashinsa

An haifi Geoffrey de Havilland ran 27 ga watan Yuli 1882 kusa da garin High Wycombe a ƙasar Ingila. Ubansa limamin coci ne, amma shi tun yana yaro hankalinsa na wajen inji. Ya yi karatun injiniya a makarantar Crystal Palace daga 1900 zuwa 1903, ya ƙera injin babur da hannunsa, sa'an nan ya yi aikin zane a ma'aikatun motoci, har da wata mai ƙera motocin safa a Landan. A can ne ya ƙulla abota da wani makaniki, Frank Hearle, wanda suka yi aiki tare har tsufansu.

Da labarin tashin 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wright, ya game ƙasashen Turai cikin 1908, sai de Havilland ya ajiye aikinsa, alhali kuwa bai taɓa ganin jirgi a sama da idonsa ba. Kakansa na wajen uwa ya ba shi fam 1,000, ya kama shago, shi da Hearle suka shiga aiki. Cikin 1909 ya auri Louise Thomas, ita ce kuwa ta ɗinka yadin da aka lulluɓe fuka-fukan jirgin da shi a keken ɗinkinta.

Cikin watan Disamba 1909 aka kai jirgin wani fili da ake kira Seven Barrows. Da ƙyar ya rabu da ƙasa, sai fiffike ya karye, jirgin ya faɗo ya ragargaje. De Havilland ya fita da 'yan raunuka. Da suka duba tarkacen sai suka ga katakon da suka zaɓa ba shi da ƙwarin da zai ɗauki nauyin da iska ke ɗora wa fiffike. Wannan shi ne darasinsa na farko, kuma irinsa ne ya yi ta dawo masa har ƙarshen rayuwarsa. Suka tsince injin, suka sake ƙera wani jirgin, wanda ya tashi lafiya cikin watan Satumba 1910. Da shi ne ya koya wa kansa tuƙi. Ma'aikatar Soja ta Farnborough ta saye shi fam 400, ta kuma ɗauke shi aiki.

A shekarar 1914 ya koma kamfanin Airco a matsayin babban mai zane. Cikin Yaƙin Duniya na Farko jiragensa sun yi suna, musamman DH.4, wanda Amurka kaɗai ta ƙera kusan 5,000. Da yaƙi ya ƙare ciniki ya faɗi, Airco ya rushe, sai ya kafa kamfaninsa na kansa cikin watan Satumba 1920 a Stag Lane, bayan garin Landan.

Karkarwar fiffike

Abin da ya ɗaga kamfanin shi ne wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu, mai sauƙin tuƙi da sauƙin kuɗi, wanda ya fara tashi ran 22 ga watan Fabrairu 1925. Ya sa masa suna Moth, watau wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi, domin shi mutum ne mai sha'awar tara irin waɗannan ƙwari. Da Moth ne Amy Johnson ta tashi ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostireliya a 1930.

Amma wani ƙanen wannan jirgi, Puss Moth, wanda ya fito a 1930, ya zo da matsala. Jirage da dama na wannan samfuri sun karye a sama, ɗaya daga cikinsu ya kashe sanannen matuƙi Glen Kidston a Afirka ta Kudu cikin 1931. Bincike ya nuna cewa idan jirgin yana gudu ƙwarai ya shiga iska mai hargitsi, fiffiken yakan kama karkarwa. Yadda abin yake shi ne, fiffike ba sandararre ba ne, yana lanƙwasa yana murɗewa. A ƙaramin gudu, in iska ta buge shi sai ya girgiza kaɗan ya natsu. Amma akwai wani gudun da in an kai shi, iskar da kanta ce ke ƙara wa girgizar ƙarfi, kowace lanƙwasa ta fi ta baya, kamar tuta a bakin guguwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi sai fiffike ya ɓalle. Aka ƙara wa jirgin tokara a ƙarƙashin fiffike, aka yi wasu gyare-gyare, matsalar ta kau.

Cikin 1934 wani jirgin tsere na kamfanin ya ci gasar tashi daga Ingila zuwa Ostireliya cikin sa'o'i kusan 71. A wannan lokaci kamfanin ya riga ya koma Hatfield, inda ya zauna har ƙarshe.

Yaƙi da rashin farko

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, de Havilland ya kawo shawarar a ƙera jirgin jefa bom da katako, ba tare da bindigogin tsaro ba, wanda gudunsa kaɗai zai fisshe shi. Manyan Ma'aikatar Sojan Sama suka yi ta jan ƙafa, sai da wani babban hafsa, Wilfrid Freeman, ya tsaya masa. Jirgin shi ne Mosquito, watau Sauro, wanda ya fara tashi ran 25 ga watan Nuwamba 1940. Matuƙinsa a ranar kuwa ɗan de Havilland ne na fari, mai sunan ubansa Geoffrey, wanda shi ne babban mai gwajin jiragen kamfanin. Gudun jirgin ya kai wajen mil 400 a sa'a, an kuma ƙera guda 7,781, kafintoci masu yin kujeru a High Wycombe, mahaifarsa, suna cikin waɗanda suka yi sassansa.

De Havilland yana da 'ya'ya maza uku, Geoffrey da Peter da John, dukansu matuƙa. Cikin watan Agusta 1943, autan, John, yana gwajin wani Mosquito sai ya yi karo da wani ɗan'uwansa a sama kusa da Hatfield, duk mutanen da ke cikin jiragen biyu suka mutu. Bayan wata guda, Geoffrey ƙarami ya tashi da jirgin jet na farko na kamfanin, mai suna Vampire. A 1944 Sarkin Ingila ya ba uban lambar girma ta Sir.

Shingen gudun sauti

Injin jet ya kai jirage wani gudun da ba a san halinsa ba. Sauti yana tafiyar mil 760 a sa'a a kusa da ƙasa, a can sama inda sanyi ya yi yawa kuwa wajen mil 660. Idan jirgi ya kusanci wannan gudu, iskar da ke bin bayan fiffikensa takan riga shi kaiwa gudun sauti, ta dunƙule ta zama kamar bango, sai wurin da iska ke tallafe fiffiken ya riƙa gusawa gaba da baya. Jirgi ya kama jijjiga, hancinsa ya sunkuya, linzami ya ƙi jin hannun matuƙi.

Domin nazarin wannan, da kuma shirin wani babban jirgin fasinja, kamfanin ya ƙera ɗan jirgin gwaji DH.108, mai fuka-fukai karkatattu zuwa baya, wanda ba shi da ƙananan fuka-fukan wutsiya. Ran 7 ga watan Satumba 1946 wani jirgin Sojan Sama na Ingila ya kafa bajintar gudu ta duniya, mil 616 a sa'a, kamfanin de Havilland kuwa ya ga jirginsa zai iya wuce haka. Da maraicen ran 27 ga watan, Geoffrey ƙarami ya tashi daga Hatfield don gwaji na ƙarshe. Ya sunkuyo da jirgin daga tsayin ƙafa 10,000 bisa bakin kogin Thames, gudunsa ya kai wajen kashi tara cikin goma na gudun sauti, sai jirgin ya tarwatse. Bayan kwana goma aka tsinci gawarsa a bakin ruwa kusa da Whitstable. Yana da shekara 36.

Masu bincike sun gano cewa a wannan gudu, cikin iska mai kauri ta kusa da ƙasa, jirgin ya shiga ɗaga hanci da sunkuyar da shi da tsananin sauri, har ƙashin fiffike ya kasa. Gudun da jirgin ya jure a can sama, inda iska ba ta da nauyi, shi ne ya karya shi a ƙasa-ƙasa. Louise ba ta murmure daga wannan rashi na biyu ba, ta rasu a 1949. Jiragen DH.108 uku aka ƙera, dukansu kuwa sun faɗi, kowanne ya tafi da matuƙinsa, ko da yake da ɗayansu ne John Derry ya wuce gudun sauti, cikin watan Satumba 1948.

Shi ma Derry bai daɗe ba. Ran 6 ga watan Satumba 1952, a bikin nunin jirage na Farnborough, jirgin yaƙi DH.110 da yake tuƙawa ya wargaje a gaban dubban 'yan kallo sa'ad da yake juyawa yana ɗaga hanci cikin gudu. Gaban fiffiken ne ya kasa jure murɗawa da lanƙwasa a lokaci guda. Derry da abokin aikinsa suka mutu, injin ya faɗa cikin taro, 'yan kallo 29 suka halaka. Daga nan aka kafa dokokin da suka nisanta jiragen nuni daga jama'a, suka kuma hana su juyowa ta fuskar 'yan kallo.

Comet

Ran 27 ga watan Yuli 1949, ranar da de Havilland ya cika shekara 67, jirgin Comet ya yi tashinsa na farko a hannun John Cunningham. Ran 2 ga watan Mayu 1952 kamfanin BOAC ya ɗauki fasinja 36 da shi daga Landan zuwa Johannesburg, wannan ne kuwa karo na farko a duniya da aka yi jigilar fasinja da jirgin jet. Ingila ta shiga gaban Amurka da shekaru, kamfanonin ƙasashe suka yi layin saye.

Shekara guda cif bayan haka, ran 2 ga watan Mayu 1953, wani Comet ya tashi daga Kalkata a ƙasar Indiya ya shiga hadari mai ƙarfi, bayan minti shida ya kakkarye, mutum 43 suka mutu. Kotun bincike ta ce ko dai bugun iskar ne ya fi ƙarfin jirgin, ko kuwa matuƙin ne ya ja linzami fiye da kima yana kokawa da hadarin. Ran 10 ga watan Janairu 1954 wani ya tashi daga birnin Rum, sama garau babu gajimare, ya fashe kusa da tsibirin Elba da mutum 35. Aka dakatar da jiragen, aka yi gyare-gyare da yawa bisa zato, aka sake su ran 23 ga watan Maris. Ran 8 ga watan Afrilu wani ya sake fashewa bisa teku kusa da Naples da mutum 21. Wannan karon aka janye takardar izinin tashin jirgin ɗungum.

Aka danƙa binciken a hannun Sir Arnold Hall, shugaban ma'aikatar Farnborough. Sojan Ruwa suka tsamo wajen kashi 70 cikin 100 na tarkacen jirgin Elba daga ƙarƙashin teku, aka jera su bisa wani firam na katako. Sa'an nan aka ɗauki wani Comet lafiyayye aka sa gangar jikinsa cikin wani katafaren tanki, aka cika da ruwa ciki da waje, aka riƙa ƙara matsin ruwan na ciki ana saki, dare da rana, kowane zagaye a madadin tafiya guda. An zaɓi ruwa ne domin ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka in jikin ya tsage ba zai yi bindiga ya ɓata shaida ba. Da jimlar tafiye-tafiyen jirgin, na gaske da na tanki, ta kai 3,057, sai jikin ya tsage daga kusurwar wata kafa.

Bayanin kuwa shi ne, Comet yana tashi har ƙafa 40,000, inda ɗan Adam ba ya iya numfashi, don haka ake cusa iska a cikinsa. Kowane tashi jikin ya kumbura kaɗan, kowace sauka ya saki. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Fatar jirgin siririya ce, nauyin matsin kuma yana taruwa a kusurwoyin tagogi da ramukan ƙusoshi fiye da yadda aka lissafa. A jirgin Elba, wanda ya yi tashi 1,290 kacal, tsagar ta soma ne daga wata 'yar taga ta eriyar rediyo a rufinsa. Ba wai kamfanin bai yi gwaji ba ne tun farko. Ya yi, amma sashen da ya gwada an fara matsa shi ninki biyu, wannan kuwa ya ƙara wa ƙarfen juriya a daidai wuraren haɗari, ya ba da amsar da ta yaudari masu lissafi.

An bayyana sakamakon binciken ga duniya duka, kamfanonin Amurka masu gasa da shi suka amfana. De Havilland ya sake ginin jirgin da fata mai kauri da tagogi masu zagaye, har Comet 4 ya fara ƙetare tekun Atlantika da fasinja ran 4 ga watan Oktoba 1958. Amma bayan mako uku Boeing 707 ya shigo, ya fi shi girma da nisan zango, kasuwa kuwa ta koma Amurka.

Abin da aka gada

Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan masifa a zamanin. Cikin watan Fabrairu 1955 wani jirgin West African Airways samfurin Bristol, ba ƙirar de Havilland ba, ya faɗi a hanyar Inugu zuwa Kalaba bayan fiffikensa ya karye a sama, mutum 13 suka mutu.

Daga irin waɗannan haɗurra ne aka tsara iyakokin da matuƙa ke bi. Ƙarfin bugun iska ba ya tafiya daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu. Don haka kowane jirgi yana da gudun da ba a ƙetarewa, wanda a ƙananan jirage ake yi wa jan layi a agogon gudu, a manya kuwa ƙararrawa ke kadawa. Jiragen jet suna da iyaka biyu, ɗaya ta nauyin iska a ƙasa-ƙasa, ɗaya ta kusantar gudun sauti a can sama. Akwai kuma gudun da ake ragewa zuwa gare shi kafin a shiga iska mai hargitsi, da wanda ba a jan linzami gaba ɗaya in an wuce shi. Doka ta ce jirgin fasinja ya iya ɗaukar nauyinsa ninki biyu da rabi, a kuma ƙara rabin wannan bisa kai don ko-ta-kwana. In jirgi ya sami rauni a sama, ko ta bugun tsuntsu ko ƙanƙara ko ɓallewar wani sashe, iyakokin nan ba su da tabbas kuma, domin an lissafa su ne ga jirgi lafiyayye. Abin da ake koya wa matuƙi shi ne kada ya ƙara gudu, ya guji juyi mai tsanani, ya nemi fili mafi kusa.

Ko bin iyakar gudu ma ba ya wadatarwa in hannu ya yi nauyi. Ran 12 ga watan Nuwamba 2001 wani Airbus A300 ya rasa tsayayyen fiffikensa na wutsiya bisa birnin New York, mutum 265 suka mutu, alhali gudunsa bai kai iyaka ba. Matuƙin ne ya yi ta taka linzamin wutsiya dama da hagu a jere har ya karye.

De Havilland ya bar aikin yau da kullum a 1955, ya zama shugaban girmamawa na kamfanin, wanda Hawker Siddeley ya haɗiye a 1960. Ya sake aure a 1951, ya kan kuma tafi Afirka ta Gabas ɗaukar hoton namun daji. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da kunya da ƙarancin magana. Ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Sky Fever a 1961, aka ba shi lambar Order of Merit a 1962. Ya rasu ran 21 ga watan Mayu 1965 yana da shekara 82. Aka ƙone gawarsa, aka watsa tokar a Seven Barrows, filin da fiffikensa na farko ya karye.

Maniyyatan Jihar Kebbi da ke tashi zuwa ƙasa mai tsarki daga Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, suna iya ganin wannan gado da idonsu. Tagar da ke gefen kujerarsu ba ta da kusurwa mai kaifi. In kuwa da damina ne, hadari ya haɗo daga gabas bisa fadamar Rima, suka ji an jinkirta tashi, ko matuƙi ya rage gudu ya kewaye gajimare, to ƙa'ida ce yake bi wadda aka saya da rayukan mutane a Kalkata da Elba da bakin kogin Thames.